Mai Aski da Tagar Rufin Mota

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ɗaukaka sama ba tare da ginshiƙi ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Marigayi mai aski mutum ne mai sakin fuska, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗan shago mai madubi biyu da kujera mai ƙara. Da girma ya zo, ciwon baya ya kwantar da matarsa, ta daɗe ba ta ganin komai sai silin. Wata rana ta ce masa, "Malam, na yi kewar gajimare." Saboda wannan kalma ya sayi mota mai taga a rufi, yana kwantar mata da kujera, yana zagayawa da ita bayan la'asar.

Ana nan sai tagar ta fara kuka in ana buɗe ta. Shi kuwa a saninsa, duk abin da ya yi tauri mai yake so. Ya lakato man gashi daga shago, ya shafe hanyar gilashin da shi, har yana yaba wa kansa. Ƙura ta taru a kan man, taga ta ƙame a rufe, matar ta koma kallon silin.

Ya kai motar kamfanin da ya sayar masa. Suka canza makunni, ba ta motsa ba. Suka ce injin tagar ne, sai an aiko da sabo. Da jira ya yi tsawo, manaja ya ce, "Baba, mu liƙe ta kawai mana, ka huta."

"Ɗana, in rufi nake so, ai akwai shi a gida."

Bai yi fushi ba, bai kuma daina zuwa ba. Yakan zauna a ɗakin jira da almakashi a aljihu, yana duban ƙeyar ma'aikata yana girgiza kai, har suka fara miƙo masa kawunansu lokacin hutu. Yana cikin yi wa babban makanike aski, sai mutumin ya shaƙi man da ake shafa masa, ya yi tsam.

"Baba, wannan ƙamshin na san shi. A rufin motarka yake!"

"To, ai mai kyau ne. Ban taɓa sa wa kowa ya dawo da ƙorafi ba."

"Kai, Baba! Mota ka yi wa gyaran fuska?"

Gareji ya kaure da dariya, mai askin ma har da hawaye. Da rabin aski makanike ya tashi, ya wanke hanyar gilashin tas, ya sa man da ya dace. Aka danna, taga ta zuge ba ko ƙara.

Da yammacin nan ya fito da matarsa. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Malam, tafi a hankali, kada ka wuce mini wancan farin."

Ya rage gudu, masu hon na ta yi a bayansa.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata makwancinsa, Ya saka masa da Aljanna. Amin.