Inna Tsaf da Cikin Alƙali

Shekara talatin da ɗaya Inna Tsaf ta yi tana goge ɗakin yara a asibiti. Ma'aikatan jinya ne suka laƙaba mata sunan, wai in ta bi ɗaki da bokiti da tsumma, ko ƙuda ya leƙo sai ya ji kunya ya juya.

Tsaftar tata tana da mafari. A shekararta ta biyu da kama aiki gudawa ta shiga ɗakin, cikin mako guda ta ɗauke yara tara. Ita ta riƙa naɗe zannuwan gadajen. Da abin ya lafa, wani tsohon likita ya kira ta, ya sa ta leƙa madubin da ake duba jini, ya ce, "Ga su nan, ƙwayoyin cuta. Ni sai sun shiga jiki nake yaƙarsu. Ke ce mai tare su a ƙofa." Ta riƙe maganar nan kamar wasiyya.

Mijinta direban motar haya ne, mai baki kamar rediyo, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ya zauna. Don ya rage masa kaɗaici aka kawo masa zomo, fari mai baƙin kunne ɗaya. Ya sa masa suna Alƙali, wai don yana ba kowane ɓangare kunne guda, kuma ba ya saurin yanke hukunci. Shekara uku suna zaman baranda tare. Da hannunsa mai lafiya yake tsinko ciyawa a bayan gida, ya shanya, ya tara wa Alƙali a kwali. Inna tana mita tana sharewa.

Da ya rasu sai ta gaji zomon. 'Ya'ya kowa yana gidansa, abin da ya rage mai numfashi a ɗakin shi ne Alƙali, ta kuwa riƙe shi da iyakar abin da ta sani. Ta ƙone kwalin da ciyawar, tunda ba ta san abin da ya taka ta ba. Ta koma ba shi burodi da biskit da dafaffiyar shinkafa, abin da wuta ta riga ta tsabtace. Wata safiya ta gan shi ya lanƙwasa yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa. Ta ɗauke shi cak, ta wanke masa baki. Daga ranar, kullum da safe tana tsaye a kansa.

Ba a yi wata biyu ba cikinsa ya lalace. Kwana uku lafiya, kwana biyar zawo, gashin ƙasansa duk ya dame. Ta ƙara sabulu, ta ƙara tafasa ruwa. Haka aka ci wata bakwai.

Ƙanwarta, mai sayar da yadi, takan leƙo ta duk ƙarshen mako. Ran nan ta tarar da ita durƙushe tana goge ƙarƙashin kujera.

"Yaya, ke da aka sallama daga aiki, wa ya sake ɗaukar ki?"

"Ga maigidan nawa can," in ji Inna, ta nuna lungu da haɓa.

Ƙanwar ta duba, dariyar ta tsaya mata. Alƙali ya dunƙule, ciki ya kumbura tim, yana cizon haƙora a hankali.

"Yaushe rabonsa da abinci?"

"Shekaranjiya. Na ma ba shi magani. Kafson da ya rage na marigayi, mai kashe ƙwayoyin cuta. Ina buɗewa in zuba masa kaɗan a ruwa, yau kwana huɗu."

"Da kika fara, ya yi sauƙi ko ya ƙaru?"

Inna ta ci gaba da goge inda ta riga ta goge.

"Ɗauko mayafinki, Yaya."

Likitar dabbobin da suka je wajenta yarinya ce, sa'ar autar Inna. Ta daɗe tana shafa cikin zomon, ta sa abin saurare ta yi shiru. Sannan ta shiga tambaya: me yake ci, tun yaushe, wane magani. Inna ta amsa dalla-dalla, har da wankin baki, ba ta rage komai ba, don a saninta babu abin ɓoyewa a ciki.

Likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Inna, cikin zomo cike yake da ƙwayoyin cuta masu amfani. Su ke narkar masa da abinci."

"Masu me?"

"Masu amfani."

"'Yar nan, ki sake jin abin da kika faɗa. Ƙwayar cuta, kuma mai amfani? Kamar ki ce ɓarawo mai amana."

"Sunan ne ya cuce su, Inna. An haɗa su da mugayen an ba su suna ɗaya. Ciyawa ce abincinsu. Burodi da shinkafa kuwa mugayen suke ƙosarwa. Kashin nan mai laushi da kike hana shi, ba ƙazanta ba ce a wajensa, da shi yake mayar da na kirkin cikinsa. Shi kuma kafson mutane, irin wannan, na kirkin yake fara kashewa, ya bar wa mugayen gida."



Inna ta daɗe tana kallon hannuwanta, fatar duk ta tsattsage saboda sabulu. "Wato ni ce."

"Ƙauna ce ta yi yawa, ba mugunta ba."

"Kar ki lallashe ni. Na ga iyaye da yawa ana lallashinsu a bakin ƙofa. Zai tashi?"

"Ban sani ba tukuna. Zomo ba ya kuka, kafin a gane ciwo ya yi nisa. Amma zan gwada, in za ki taya ni."

Ta yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, da allurar rage zafi. Ta ba Inna garin ciyawa da za ta dama ta ɗura masa da sirinji. Sannan ta shiga ciki, ta fito da ƙaramar roba mai murfi.

"Wannan kashin zomona ne, mai laushin, na safiyar yau. Lafiyarsa ƙalau. Ki dama kaɗan a cikin garin ki ba shi. Ba kullum yake aiki ba, amma yakan taimaka. Gobe ki dawo ki karɓi sabo."

Inna ba ta miƙa hannu ba. Ƙanwar ta ce, "Kawo, Likita, ni zan yi. Yayata ko a mafarki ba za ta iya ba."

"A'a," in ji Inna. "Ba ya yarda da hannun kowa."

A gida ta shimfiɗa tsumma a cinyarta. Ta buɗe robar, warin ya buge ta, ta kau da kai har ya wuce. Ta dama da cokalin shayinta, ta zuƙa a sirinji, ta sa a gefen bakinsa. Ɗigo ɗaya, ta jira. Wani ɗigon, ta jira. Ƙanwar tana tsaye a bakin ƙofa, yau kam babu tsokana.

"Haɗiye, Alƙali," Inna take cewa ƙasa-ƙasa. "Wannan karon ka fi ni gaskiya."

Kwana shida tana zuwa karɓar robar. Ta sayo busasshiyar ciyawa buhu guda, ta zuba a tsakar ɗaki, ba ta wanke ba. A rana ta huɗu ya ja zare ɗaya ya tauna. Rana ta biyar ya sake kwanciya, har ta aika a kira ƙanwarta. Rana ta bakwai da hantsi ta shiga wajen likitar da hankici a ƙulle, ta kwance a kan tebur. Kashi ne busasshe, guda shida, ƙanana ƙwarai, wasu a karkace.

Likitar ta murƙushe ɗaya da yatsa, ta duba. "Cikin ya motsa, Inna. Amma ba zai koma kamar da ba. Zai riƙa tashi yana kwanciya har ƙarshen ransa, abu kaɗan zai tayar masa."

"Shekara nawa?"

"Wataƙila ɗaya, wataƙila biyu."

Inna ta gyaɗa kai, ta ɗaure hankicin.

"To ki rubuta min abin da zan daina. Abin da zan yi ba shi da wuya. Dainawar ce sai na riƙa dubawa."