Zaren Bahaguwa

Ni bahaguwa ce, kuma har yau kaɗi nake yi. Jikokina suna yi mini tsiya, wai ga yadi cike da kasuwa, Kaka tana fama da mazari. Su yi ta yi! Ba wanda ya isa ya raba ni da shi, an ma gwada tun ina ƙarama.

A Ƙofa na tashi, ƙasar Kusada, zamanin Turawa. Lokacin kowace mace a gidanmu tana da mazarinta, in an gama daka sai a baje tabarma a gindin tsamiya a hau kaɗi. Wajen cin abinci dai an gyara ni da ludayi, da dama nake ci, kuma na gode. Amma mazari ya ƙi. In na murza da dama sai ya yi ta tangaɗi, zaren ya tsinke. Da hagu kuwa sumul yake fita.

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta, ita ta sa ni gaba.

"Ke ɗiyar nan, da hannun da kike tsarki? Wa zai sa wannan zare a jikinshi ya yi salla?"

Ta fizge mazarin ta soke shi a rufin ɗaki. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Da raguwa ta kira ni da sauƙi, amma cewa ta yi aikin hannuna ba shi da tsarki.

Kakata, mahaifiyar su Baba, ita ta zaro shi ta miƙo mini. "Ba ta wanke hannun ba ne? Zo zauna nan kusa da ni."

Da zarena ya ɗan taru, Kaka ta haɗa da nata ta aika wa wani masaƙi a Yashe. Sai ga nawa an dawo da shi. Masaƙin ya ce zare lafiya lau, sai dai murɗinsa ya saɓa da na sauran mata, in ya gama su ƙyallen ba zai kwanta daidai ba.

"Ahaf!" in ji Gwaggo. "Ai na faɗa."

Kaka ko kallonta ba ta yi ba. "Ya ce ba ya haɗuwa da na wasu. To, ta kaɗa nata ita kaɗai, siririn zare da abawa mai kauri duka."

Kai, na sha aiki! Ni ce gurza, ni ce shiɓa, ni ce kaɗi. Yatsuna suka tsattsage, na shafa alli na ci gaba. Ƙawayena suna gaɗa, ni ina zaune, ba don haƙuri ba, tsabar taurin kai ne. Sai da rani ya wuce wani ya kama kafin ya isa. Masaƙin ya saƙo fari tas, mai kauri. Na zaci zane za a yi mini, sai Kaka ta ninke ta tura cikin adudunta. Na yi fushi sosai, har na ƙi cin tuwo. Ta ce, "Ina da aikin da zan yi da shi."

Bayan 'yan shekaru, wata ranar kaka da hantsi, Allah ya yi mata rasuwa. Gida ya cika. Gwaggo tana kuka ta ce a yi maza a hau keke zuwa Kankia, a yanko alawayyo a kanti don likkafani. Baba, wanda bai taɓa sa baki a rigimar mata ba, ya shigo da farin nan a hannunsa.

"Yaya, ba sai an je ba. Inna ta bar wasiyya."

Gwaggo ta dubi ƙyallen, ta gane shi. "Na hagun?"

"Shi ta ce."

Gwaggo ta shafa shi da yatsa. Sannan ta fara warwarewa don a auna, tsawonsa ya fi ƙarfinta ita ɗaya. Ga mata manya cike da tsakar gida, amma ni ta waiwayo ta nema.

"Ke, zo kama mini nan."

Na miƙa hannu na kama, da hagun. Ta gani sarai, ta ci gaba da warwarewa.