Zara a Giɓin Dutse

Idan ruwa ya ɗauke a Jos da yamma, duwatsu sukan saki wani ƙamshi mai sanyi irin na sabuwar randa. Jiya na shaƙe shi ina tsaye a bayan ƙofar gidana da magariba, hannuwa cikin aljihun rigar sanyi, kamar wanda aka kora. Ba korata aka yi ba. Kullum nakan yi wannan tsayuwar, kuma in kana son jin dalili sai ka yi haƙuri mu koma Gada Biyu, gidan da aka binne cibiyata.

Kakanmu ne ya gina gidan, tun zamanin da haƙar kuza ke kwaso mutane daga ko'ina. Yamma da gidan akwai wani dutse mai kai biyu, da giɓi a tsakani kamar bakin yaron da ya yi famfara. Mahaifinmu direban babbar mota ne, yakan kwana a hanya fiye da yadda yake kwana a gida, don haka mulki na hannun Inna. Ni ne babba, sai 'yan mata a tsakiya, sai autanmu, wanda Allah ya halitta da ƙaiƙayin ƙafa.

Inna ba ta da agogo, ba ta kuma taɓa jin ta rasa komai ba. Da asuba Gamzaki ke tashinta ta hura wutar ƙosai. Da yamma kuwa Zara ce alƙalinmu. Da zarar tauraruwar nan mai haske ta bayyana a saman giɓin dutse, Inna za ta fito bakin zaure, hayaƙin murhu na bin zanenta, ta ɗaga murya:

"Zara ta fito! Ku shigo!"

Ko a tsakiyar langa kake, sai ka saki ƙafa. Tana tsaye, kowa ya zo wucewa ta dafa kansa, haka take ƙirga mu. Ni nakan riga kowa, don ina son a ce ina da hankali, amma ladana bai wuce a miƙo mini bokiti in ɗebo ruwa ba. Auta kuwa sai tuwo ya fara hucewa zai ɓullo, ƙafafu jajir da taɓon kududdufin kuza, yana haki yana dariya. Inna ta kama kunnensa ba tare da ta murɗe ba, ta ce, "Kai kullum kai ne na ƙarshe. Shigo ka rufe mini ƙofa." Da haka rufe ƙofa ya zama sarautarsa. Ni dai na ji haushin wannan abu shekara da shekaru, ba zan ɓoye maka ba.

Da damina gajimare kan rufe sama mako da mako, hazo ya sauko har kan rufin kwano, wani lokaci ƙanƙara ta yi ta dukansa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Akwai kuma watannin da sama na nan garau amma Zara ba ta fitowa sam. Inna takan ce ta tafi ganin gida. A irin waɗannan watanni doka kan yi sako-sako, mu samu ƙarin wasa har sai an kira salla.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani dattijo Bayarabe da muke kira Baba mai madubi. Ya yi aikin awon ƙasa a kamfanin kuza, da ya ajiye aiki ya taho da tsohon madubin awonsa mai ƙafa uku. Ran Lahadi idan sun dawo daga coci sun ci abinci, yakan kafa shi a ƙofar gida ya juya bakinsa sama, yaran layi mu yi jerin gwano. A nan na fara ganin wata kusa da kusa. Inna ta daɗe tana cewa ba ruwanta da leƙen abin da Allah ya ɗaga nesa, har wata rana matar Baba ta jawo hannunta. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta daɗe a sunkuye, sannan ta miƙe ta ce, "Ikon Allah! Ashe shi ma an haƙi kuza a kansa." Baba ya yi dariya har da tari. Da ya ga ta sake, sai ya gaya mata cewa Zara da Gamzaki tauraro ɗaya ne, zagaye ne ke kai shi yamma ya dawo da shi gabas. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mace da yamma, namiji da asuba? Baba, a bar wa madubi abin da ya gani." Har suka rabu ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Daga wannan madubi na kwashi ciwon kallon sama, kuma bai sake ni ba. Na girma na buɗe shagon gyaran waya da kwamfuta a Kwararafa. Na sayi ɗan madubina na hannu, na kuma sa wata manhaja a kwamfuta wadda ke nuna sararin samaniya. Ka gaya mata garin da kake da lokacin da kake so, ta shimfiɗa maka taurarin wurin ɗaya bayan ɗaya. Kana iya tura lokaci gaba, kana iya jawo shi baya har zamanin da ba a haifi kakanka ba. A cikinta na bi Zara da idona, na ga ta faɗa hasken rana ta ɓullo ta gabas. Baba ne da gaskiya. Ban gaya wa Inna ba, don ba kowace gaskiya ce ke da amfani a gida ba.

Sai rikici ya zo, irin wanda kowane ɗan garin nan ke da nasa labarin a kai, ba ya kuma son ba da shi. Lokacin mahaifinmu ya riga ya rasu, auta ya zama saurayi yana achaba. Da safe ya fita, da rana gari ya kama hayaƙi. Baba mai madubi ne ya ɓoye mu a ɗakinsa, washegari aka fitar da mu a motar sojoji, Inna na cewa a jira yaro. Mun duba asibiti, mun duba inda ake ajiye gawa, mun tambayi duk wanda ake tambaya. Ba mu same shi ba, ba mu samu gawarsa ba. Muka kama haya a unguwar Ali Kazaure, daga baya aka sayar da gidan. Ba wanda ya kafa shinge tsakanin unguwannin nan biyu, tafiyar ma ba ta taka kara ta karya ba, ƙafata ce kawai ta daina zuwa.

Inna ta haɗiye abin shekaru masu yawa, ba ta ko ambatonsa. Sai da gigin tsufa ya kama ta sannan ya taso. Ta manta sunan matata, ta manta nawa, wata rana ta kira ni malam ta tambaye ni ko ni ne mai gidan hayar. Amma da rana ta karkata sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta nufi ƙofa. "A kai ni gida. Yaro zai dawo ya tarar ba kowa." Mu lallashe ta, ta yi kuka, ta ƙi abinci, ta kwana a zaune da ƙunshinta a cinya. Sau da yawa mukan tsinto ta a bakin titi, tana tsayar da masu Keke. Matata ta rame, ni ma na rame, 'yan uwana mata suna gidajen aurensu a wasu garuruwa, taimakonsu a waya yake. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Tsorona ɗaya, kada wata magariba ta fita mu rasa ta yadda muka rasa shi.

Wata rana don in ɗauke mata hankali na ajiye kwamfuta a gabanta, na mayar da sama zuwa shekarun yarintarmu, na nuna mata Zara. Manhajar tana zuwa da tata ƙasar, wani koren fili na ƙasar Turawa da ɗan gida a gefe. Inna ta kalla ta taɓe baki ta ce, "Wannan garin wasu ne. Ina dutsen?"

Tambayar ta kwana a raina. Na san ana iya cire filin nan a sa hoton inda mutum yake so. Abin da ya rage shi ne in je in ɗauko hoton dutsen, kuma sai da na yi makonni ina cewa gobe.

Da na je, sai na wuce layinmu ban gane shi ba. Baba mai madubi ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa, sa'ata, tana nan da shagon kayan masarufi a ƙofar gidansu. Ta ƙura mini ido, ta dafe ƙirji.

"Oga, kai ne? Kai, ka tsufa o! Yaya Mama, yana nan?"

Na ce tana nan, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta nuna yamma da haɓa. Bene ne a wurin, da tankin ruwa a kansa.

"Masu fasa dutse sun cinye shi tun tuni. Small small, tifa tifa, har ya ƙare."

Na zauna a bencinta. Ita ce ta tsinci kara ta durƙusa ta fara zana dutsen a ƙasa. Na ce kan hagu ya fi tsawo, ta ce ƙarya ne, na dama ne, a kansa take shanya. Muka yi ta musu kamar iyayenmu, ina sharewa tana gyarawa, har muka tsaya a kan siffar da dukanmu muka yarda da ita. Hoton zanen nan na ɗauka a waya. Da zan tafi ta cusa mini burodi ta ce in kai wa Mama.

Na zana dutsen baƙi ƙirin a kwamfuta, na dasa shi yamma a cikin manhajar, na yi ta jan lokaci baya har na samu wata yamma da Zara ke tsaye daidai saman giɓin. Na aro majigi wurin wani abokin sana'a. Da magariba, Inna na ɗaure ƙunshinta, matata ta saki labule, na haska bangon ɗakin. Sama ta yi ja, ta yi shuɗi, tauraruwar ta fito. Sai na tuna na bar burodin a babur, na fita ɗaukowa.

Ina tsakar gida na ji muryar da na shekara ashirin da wani abu ban ji ba.

"Zara ta fito! Ku shigo!"

Na dawo da gudu. Tana tsaye a bakin ƙofa, ƙunshin na ƙasa. Na sunkuya zan wuce, ta dafa kaina, hannunta ya gangaro ya kama kunnena.

"Kai kullum kai ne na ƙarshe. Shigo ka rufe mini ƙofa."

Na rufe. A daren ta ci tuwo, ta miƙe ƙafa ta yi barci. Ni kuwa na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fitar da mu a mota.

Yau wata da watanni ke nan. Ba kullum abin ke ci ba, wata rana a ɗauke wuta, wata rana ta kalli bangon kamar bango. Amma ta daina fita titi. Garin ya canza, fitilu da janareto sun cinye rabin taurarin da muka sani, yaran yanzu agogonsu na cikin waya, ba mai kiransu da sunan tauraro. Madubina yana ƙarƙashin gado ya yi ƙura. Kallon saman da ya rage mini shi ne na wannan tsayuwa a bayan ƙofa, lokacin da matata ke kunna majigi, ni kuma ina jinkirtawa da gangan don in zama na ƙarshe. Wani lokaci Zara ta gaskiya tana can saman rufin maƙwabta, wani lokaci ta tafi ganin gida. Inna ta kira, in bar ta ta sake kira, sannan in shiga in miƙa kunne. Na samu sarautar rufe ƙofa da na yi ta kishi ina yaro. Har yau ba ta tambayi inda babban yake ba.