Ranar da Muka Kai Waya Mai Magana Bayan Kebbe

Tambuwal, ƙarfe biyar da rabi

Mun tashi daga ƙofar gidanmu ana fitowa sallar asuba. Mu uku ne a motar: ni, da Malam Buba direba, da Malama Sa'adatu, wata yarinya 'yar Sakkwato. Tana cikin masu haɗa wani abu a waya da zai riƙa tuna wa uwaye ranar rigakafin 'ya'yansu. Wayar magana take yi da Hausa, uwa ta amsa mata da baki, ba sai ta iya karatu ba. Kafin su sake shi ga jama'a, suna son ganin yadda matan ƙauye za su yi da shi. Ni an ɗauke ni ne don na yi yaƙi da jahilci, ina iya rubutu, kuma ƙauyen da za mu, can gaba da Kebbe, nan aka yanke mini cibiya. Ba zan faɗi sunansa ba.

Maigidana bai so tafiyar ba. Ya riƙe ƙofar mota ya ce, "Malam Buba, kada la'asar ta iske ku cikin daji."

"Ko ba ka faɗi ba, Alhaji," in ji direban. "Ƙarfe uku ni ka tada mota."

Babu wanda ya ambaci dalili. Duk mun san masu hawa babura da bindiga da yamma suke fitowa.

A hanya

Sa'adatu ta juyo daga kujerar gaba ta koya mini aikin. Za a miƙa wa mace wayar, mu koma gefe. Kada in nuna mata inda za ta taɓa, kada in tambaye ta ko abin ya yi kyau, in dai rubuta wurin da ta tsaya.

"Inna, ba matar muka gwadawa ba, wayar muka gwadawa. In ta kasa, laifinmu na. Ke dai ko mi kinka gani, ki yi shiru."

Na ce to. Shiru ba ya ba ni wuya.

Da ƙarfe shida da minti arba'in muka iso shinge. Wani mai kaki ya buɗe jakar Sa'adatu, ya ga wayoyi shida a jere. Ya daɗe yana kallon su, ya daɗe yana kallon mu. Ta miƙa masa takarda mai hatimi, ya karanta, ya ce mu wuce amma kada mu yi yamma. Daga nan Malam Buba ya kashe rediyo, ya sauke gilas. Na zaci zafi yake ji. Ashe ƙarar babur yake saurare. Damina ce, amma gonaki da yawa a bakin hanya ciyawa ce ta cinye su, ba wanda ya shuka.

Kebbe, ƙarfe bakwai da rabi

Muka tsaya tasha muka sha koko da ƙosai. Ni ban iya cinye nawa ba. Malam Buba ya tambayi wani mai faci, "Hanyar gaba lafiya?"

Mai facin bai ɗaga kai ba. "Jiya dai lafiya."

Daga Kebbe hanya ta koma turɓaya da kwazazzabai. Mun yi sa'a ɗaya da minti ashirin kafin na hango tsamiyar bakin garinmu.

Ƙauyenmu, ƙarfe tara da kwata

Muka fara gaida mai unguwa, Kawu Garba, ƙanen mahaifiyata. Ya yi murna da ganina, ya ce tun da ni na kawo baƙuwa, gida nata ne. Aka tara mana mata biyar a tsakar gidansa, aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa.

Ta farko Asabe ce, yarinya mai goyon fari. Ta karɓi wayar da hannu biyu. Wayar ta yi sallama, ta amsa tana dariya. Ta tambaye ta sunan garinsu, ta faɗa. Sai wayar ta ce, "Faɗi sunayen 'ya'yanki. Fara da babba."

Asabe ta yi shiru. Wayar ta maimaita. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Wayar ta ce, "Ban ji ba, sake faɗi." Na buɗe baki, Sa'adatu ta danne mini hannu. Na rufe, na rubuta: ta tsaya a suna.

Ta biyu mai 'ya'ya huɗu ce. Ita ma da aka zo wurin, ta ajiye wayar a kan tabarma kamar ta ƙona ta. Ta uku ta waiga tana neman wanda zai faɗa mata, ba wanda ya taimaka. Dukansu in sun tashi sai su ce, "Abin ya yi kyau ƙwarai, Allah shi saka." Sa'adatu ta canza waya har sau uku, tana zaton abin ɗaukar maganar ne ya lalace.

Ni na san abin da ke faruwa tun daga Asabe. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta faɗa a gaban surukai, ba ta faɗa ita kaɗai a ɗaki. Amma an ce in yi shiru, kuma na ɗauka mai ilimi ta san abin da take yi. Wannan kuskurena ne, kuma na gan shi a makare.

Matan da suka fita sun kai labari waje: baƙi sun zo da waya shida, suna ɗaukar sunayen manyan 'ya'yan mutane. A garin da aka sha sace 'ya'ya, kuma kowa ya yarda sai da ɗan gari ake kai suna daji, ba a buƙatar ƙari a kan wannan. Muna idar da sallar azahar wata tsohuwa ta raɗa mini cewa 'yan sa-kai sun kewaye motarmu, sun karɓe makulli hannun direba. Na duba agogon Sa'adatu. Biyu saura minti ashirin.

Zauren Kawu

Aka kira mu zaure. Kawu na zaune bisa buzu, Malam Buba na tsugune a lungu, gumi ya jiƙe masa riga. Shugaban 'yan sa-kan, wani dogo mai laya a damtse, ya ɗora bindigarsa a gwiwa, makullin motarmu na rataye a yatsansa. Shi ya fara magana.

"Wa ya aiko ku ɗaukar sunan ɗiyan mutane?"

Sa'adatu ta miƙa masa takardar nan mai hatimi. Ya juya ta gaba da baya. "Wa ka karanta muna ita? Wagga da kunka zo tare?" Ya jefar da ita kan tabarma. Ya ce za a aika Kebbe a tambaya, in an samu mai zuwa gobe.

Gobe. Na tuna 'yar mutane da na kawo da bakina, na tuna abin da ake yi wa wanda aka zarga in dare ya yi kuma ran samari ya ɓaci. Na durƙusa na ce, "Kawu, a ba ni izni in yi magana."

Ya ɗaga mini hannu.

Na ce wayar nan ba muguwa ba ce, rashin tarbiyya ne ke damun ta. A birni aka haɗa ta, ba a gaya mata ana kunyar ɗan fari ba. Matan nan ba don tsoro suka yi shiru ba, kunya ce. Ita kuma tambayar da aka koya mata ke nan, ba ta san wata ba.

Dogon ya dube ni. "Ke kina da ɗa?"

"Ina da su."

"To in babu cuta, sa naki. Na fari. Da bakinki, nan gabanmu."

Ɗan nan nawa shekararsa ashirin da bakwai. Ban taɓa furta sunansa ba. Ko ranar da na kai shi asibiti yana ƙarami, a takarda na rubuta na miƙa. A gida "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan." Yanzu ga ni gaban ƙanen uwata, gaban samarin da na girme wa iyayensu mata. Agogo ya ce biyu da minti talatin da biyar.

Na dubi Kawu. Ya juya fuskarsa ga bango, ya shiga jan carbi. Na gane ya yi mini sutura ne.

Na karɓi wayar. Ta yi sallama, na amsa. Ta ce in fara da babba. Sai da ta tambaya sau biyu. Na faɗa. Ita kuwa, mara kunya, ta maimaita sunan da ƙarfi har na waje suka ji, sannan ta ce in faɗi watansa nawa, ko an yi masa allurar farko.

Wani saurayi a bakin ƙofa ya fashe da dariya. "Wanga ƙato mai gemu za a kai allura?"

Dogon bai yi dariya ba, amma ya kawar da ido daga kaina. Ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri, Inna." Ya jefa wa Malam Buba makulli. Uku saura minti goma.

Komowa

Ba mu tsaya cin tuwon da aka tuƙa mana ba. Malam Buba ya ja mota kamar ba tasa ba har muka hango rufin kwanon Kebbe. Nan muka yi la'asar a tsaitsaye.

Bayan mun wuce shinge Sa'adatu ta dawo kujerar baya kusa da ni. Idonta ya yi ja. "Kakata ma ba ta faɗin sunan babana," ta ce. "Ban taɓa haɗa abin biyu ba. Da na tambaye ki tun Tambuwal." Ta buɗe littafinta. "Inna, mi ya kamata ta ce?"

Na ce ta tambayi uwa, "Me kike kiran sa?" Kowace uwa tana da abin da take kira, ko "Yaro" ne ko "Babangida." Kuma kada ta fara da babba, ta fara da na goye, tun da shi ne mai allurar. Ta rubuta. Sannan ta ɗauko wayar da na yi wa magana, ta goge muryata a gaban idona.

Mun shigo Tambuwal ana shirin kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Buba, da Kawu da ya juya fuskarsa, da matan garinmu da muka sa a kunya ba su yi mana laifin komai ba.

Wancan ne ya buɗe mini ƙofar mota. Ya sunkuyo ya ce, "Inna, ya hanya?"

Ban iya duban sa ba. Na ce, "Kai, ɗauki jakar."