Rundunar da Ta Tsaya Bayan Ganuwa

A watan Nuwamban 2018 Malam Dalhatu, tsohon akawun ƙaramar hukuma a Maiyama, ya fara sanin Gado. Ya kai wayarsa caji wata rumfa a bakin tasha, ya tarar da mai rumfar ya ƙura wa tsohuwar kwamfuta ido yana tsaki. Gado ke nan, mutumin Gumbin Kure, mai shekara talatin, manomin albasa da ke haɗawa da cajin waya.

Wani wasan yaƙi irin na zamanin da ne yake bugawa a kwamfutar. Abokan gaba sun yi wa birninsa ƙawanya. Rundunar sarkin da suka ƙulla amana da shi ta iso, ta kafa sansani bayan ganuwa, ta tsaya cik.

"Baba, dubi wanga abu," in ji Gado. "Na ba su dawaki, na ba su zinariya. Sun taho tun daga nesa, amma ko kibiya guda ba su harba ba. Mi suka zo yi?"

"Kallo," in ji Malam Dalhatu.

A gaban idonsu aka fasa ƙofa, birni ya faɗi.

Wasan nan ya ja wa Gado. Sau biyu ana gayyar dashen albasa a fadamar garinsu, shi yana rumfa yana neman gane halin wannan runduna. Ranar tasa gayyar, matarsa Iyatu ta dama kunun mutum ashirin. Maƙwabta suka riƙa bi ta gefen gona suna cewa, "Sannu da aiki, Gado!" suna wucewa. Irin da ya cire da safe ya fara yaushi. Malam Dalhatu, wanda Gado ya gayyata cikin raha, shi kaɗai ya zo. Ya naɗe wando ya shiga laka, yana da shekara sittin da tara. Kashi ɗaya cikin uku suka ceto. Gado ya kasa godiya, kunya ta hana shi.

A 2023 tarin fuka ya kama Malam Dalhatu. Matarsa ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa suna Kudu. Abokansa na masallaci sukan zo su tsaya a bakin ƙofa, su ce Allah ya sauwaƙe, su juya. Yakan ƙirga su daga kan tabarma: goma sha ɗaya a makon farko, huɗu a na biyu. Ba wanda ya tsallaka dokin ƙofa. Bai ga laifinsu ba, amma buta tana can tsakar gida, shi kuwa ba ya iya tashi.

Wata Talata da hantsi Gado ya yi sallama, ya shigo har ciki, ya buɗe taga.

"Kai, fita," in ji dattijon. "Ana ɗaukar wanga ciwo."

"Na sani, Baba. Ɗaga hannu in cire maka riga."

Wata huɗu yana wanke shi, yana ba shi kunu a cokali, yana goya shi a babur zuwa asibiti a Jega. Lokacin dashe ya zo ya wuce, gonar Gado ta zauna fili. Wata rana Malam Dalhatu ya tambaye shi ko ya gane abin da ke hana rundunar nan shiga yaƙi.

"Har yau ban gane ba, Baba."

Ranar Juma'a, takwas ga Maris na 2024, dattijon ya cika. Mutane suka cika ƙofar gida suna jiran jana'iza. Gado ne a ciki yana yi masa wanka, Iyatu tana miƙo ruwa. Har suka rabu Gado bai taɓa tayar masa da zancen albasar nan ba.