Sanmu ya ɓace, kuna ta "Masha Allah"

Ina tsaye bakin tashar Gazawa ina nuna ma masu kabu-kabu hoton sanmu na amalanke da ya tsinke igiya ya ɓace, sai ga Kawu Idi, ƙanen innata, daga ƙauyen gaba da namu.

Tun makon jiya na sa hoton nan a gurup ɗinmu na hotunan gari. A ƙasa na rubuta cewa ya ɓace, ga hatsinmu jibge a gona ba abin da zai jawo shi gida. Dubban mutane sun gani. Amsa kuwa, daga "Masha Allah" sai "Tubarkalla". Wani ma tambaya ya yi ko na layya ne.

Kawu ya leƙa salulata ya ce, "Kai, ai na ga hoton nan, har na sa maka tubarkalla! Akwai irinshi sak ɗaure gidan maigarinmu, an tsince shi cikin waken wani."

"Kawu, shi ne fa! Ba ka karanta abin da na rubuta a ƙasa ba?"

"Haba ɗana, wa ke karanta ƙasan hoto? Na zaci nuna shi kake. Har na ce ma maigari ɗan yayata na da irinshi, amma nashi ya fi ƙiba."

Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don kawu ne. Na je na amso sa, duk ya rame.

Ga hotonshi nan, ya dawo gida. Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya sa masha Allah. Ya rubuta mini sunan kawun nawa, in san ku nawa ne.