Romon Baka Daga Calloway

Leanne Tackett shekararta talatin da shida, likita ce mai ba da allurar barci a ɗakin tiyata na ƙaramin asibitin garin Harlow Gap, tana da miji da 'ya ɗaya, kuma tun watan Satumban bara take cikin fushi.

A nan aka haife ta, tsakanin tsaunukan da aka gama cinye kwal ɗinsu. Uwarta Wanda ta ƙare ƙuruciyarta a masana'antar yanka kaji, a tsaye, har baya da yatsu suka ce sun gaji. Likitan raɗaɗi mafi kusa da garin sai mutum ya ɓata yini guda kafin ya je ya dawo, kuma in ya je, abin da zai samu bai wuce sabuwar takardar ƙwaya ba. Leanne ta yi jinya shekaru kafin ta shiga makarantar likita, shi ya sa ta girmi 'yan ajinta. Da ta kusa gama horon allurar barci, abin da ta sa a gaba shi ne ƙarin shekara ɗaya ta ƙwarewa a maganin raɗaɗi: ta koyi yi wa ƙashin baya allura a ƙarƙashin na'urar hoto, ta koyi kashe jijiyar da ke hana mutum sakat, ta koyi raba mutum da ƙwaya mai ƙarfi ba tare da an kora shi titi neman ta ba. Burinta, daga nan ta dawo gida ta buɗe wurinta.

A Amurka ba a shiga wannan horo da sanayya, aƙalla a takarda. Likita ya nemi wurare, a kira shi ganawa, sannan ya jera asibitocin da yake so daga na ɗaya zuwa ƙasa. Su ma asibitocin su jera waɗanda suke so. Babu mai ganin jerin wani. Kwamfuta ce ke haɗawa, a faɗi sakamako rana ɗaya, kuma inda ta jefa ka dole ka je. Asibiti na iya ce maka yana son ka, amma ƙa'ida ta hana shi tambayar inda ka sa shi.

Asibitin Koyarwa na Calloway shi kaɗai ne ke ba da horon a inda Leanne za ta iya zuwa da safe ta kwana a gida. Bara ta yi ganawa da su, ta yi kyau. Mako bai zagayo ba shugaban horon, Dakta Gerald Ansley, ya kira ta da kansa. Mutum ne mai taushin murya, irin wanda marar lafiya ke jin sauƙi tun kafin allura.

"Leanne, ba zan ɓoye miki ba, kin burge mu," in ji shi. "Muna ganin ki a cikinmu. In ni ne ke, da na kwantar da hankalina."

Ta kuwa kwantar. Ta ce masa su ne na ɗayanta. Sauran ganawar da aka kira ta, yawancinsu a jihohi masu nisa, ta soke su ɗaya bayan ɗaya, tana ganin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ba ta ga dalilin tare wa wani gurbin ganawa ba. Jerinta ya fito gajere, Calloway a sama, wasu biyu a ƙasa don cika ido. Ranar sakamako tana tsakanin tiyata biyu saƙon ya shigo wayarta. Ba ta samu ko'ina ba. Calloway sun cike gurabensu da yaransu na cikin gida, waɗanda suka yi horon farko a hannunsu.

Wannan kaɗai da ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a maƙoshi ya zo ne daga baya, a wani taron likitoci, inda ta zauna cin abinci kusa da wani saurayin likita daga Ohio. Hira ta kai su kan Calloway, sai ya kwaikwayi muryar Ansley, "Muna ganin ka a cikinmu," har da ɗan numfashin da yake ja kafin maganar kwantar da hankali. Wata a ƙarshen tebur ta ajiye cokali ta ce ita ma an kira ta. Suka yi ta dariya. Su sun san romon baka ne, ba su soke komai ba, kowa ya samu wuri. Leanne ce kaɗai a teburin aka yi wa sakiyar da ba ruwa, kuma sai da ta taya su dariya kafin ta tashi.

Bana ta sake nema. Duk inda aka kira ta ta amsa, har wuraren da ba ta san da su ba. Ta gana da masu alfahari da yawan alluran da ɗalibi ke yi a shekara, kamar masu kirga buhuna. Ta gana da waɗanda da ta tambaye su wa ke duba mai ciwon daji in magani ya daina yi masa aiki, suka kalli juna. Ta gana da wani wuri a jihar Arizona da ya yi mata, da wani a Minnesota. Calloway ma sun sake kiran ta, ta je, ta zauna gaban Ansley tana murmushi har kumatunta suka yi tsami. Da lokacin jera zaɓi ya yi, ta rubuta duka, ta bar Calloway a waje.

Dakta Bernice Okonski, shugabarta a ɗakin tiyata, tsohuwa ce mai jiran ritaya wadda ba ta taɓa tauna magana ba. Ta samu Leanne da safe wajen tukunyar kofi.

"Tackett, na ji kin cire su."

"Na cire."

"To madalla. Yau Ansley ko abinci ba zai iya ci ba don baƙin ciki. A aika masa da furanni."

"Ba zan yi shekara ina ce wa maƙaryaci Dakta ba."

"Ni na yi talatin ina yi, ga ni ban mutu ba. Ke, kwamfutar nan ba ta san fushi ba. In kin sa su na ɗaya ba su ɗauke ki ba, ta zarce na biyu kamar ba a yi ba, ko ƙwayar zarra ba ki rasa ba. In kin cire su, shi bai ma san an yi ba. Kin yi fushi da kasuwa, ita kuwa ci za ta yi."

"Na san yadda take aiki."

"Bara ma kin sani."

Leanne ta zubar da kofinta a kwatami ta fita. Ranar ko sannu ba ta ƙara ce wa tsohuwar ba.

Ran Lahadi bayan coci suna cin wake da burodin masara a gidan Wanda, maganar ta sake tashi. Mijinta Boyd walda yake koyarwa a kwalejin sana'a ta garin, aikin da ba a ɗauka a kai wata jiha. 'Yarsu Josie tana firamare. In kwamfuta ta jefa Leanne nesa, ita kaɗai za ta tafi.

"Arizona," in ji Boyd, yana shafa man shanu. "Lee, ni ko a taswira sai na laluba. Can ne ake soya ƙwai a kan bonet ɗin mota don zafin rana?"

"Shekara ɗaya ce."

"Shekara ɗaya ni ke yi wa Josie kitso. Kin ga abin da na yi mata ranar hoton makaranta. Malamarta sai da ta kira ni gefe."

"Kai komai wasa ne."

"Ba wasa ba ne. In don can ya fi ne, ki tafi, ni zan kai ki filin jirgi. In kuwa don ki ƙona wa wancan mai muryar fasto rai ne, to ba ransa kike ƙonawa ba."

Leanne ta juya wajen uwarta. "Ba don ku ba ma, Mama, da ban—"

"A'a, kada ki fake da ni," Wanda ta katse ta. Ta ɗaga hannuwanta da yatsun suka karkace. "Waɗannan sun jira shekara ashirin, za su jira ki je ko wata ne ki dawo. Ke dai faɗi gaskiya. Da wancan bai kira ki bara ba, ina za ki sa na ɗaya?"

Leanne ta san amsar. Amsar ce ke ƙara tunzura ta. Calloway na da ɓangaren masu ciwon daji da babu kamarsa a duk wuraren da ta gani. Marasa lafiyarsu irin mutanen Harlow Gap ne, tsofaffin 'yan haƙar kwal da matan masana'anta. Kuma likitan da zai yi aiki a waɗannan tsaunuka, ranar da abu ya fi ƙarfinsa, Calloway zai tura marar lafiya. Mutumin da ya cuce ta shi ke riƙe da ƙofar da ta fi dacewa da ita. Da yamma ta buɗe kwamfuta ta mayar da su saman jerin, tana danna maɓallan kamar su suka yi mata laifi.

Ran Litinin ta tashi daga aiki, tana buɗe mota, wayarta ta yi ƙara. Lambar ba baƙuwa ba ce.

"Leanne! Gerald Ansley ne. Na ce bari in ji muryarki kafin a rufe jerin zaɓi. Abin da ya faru bara ya dame ni ƙwarai, ki yarda. Bana kam muna ganin ki a cikinmu."

"Na gode, Dakta."

"Kin san gurabenmu kaɗan ne. Kwamiti na son ya san wanda zuciyarsa ke tare da mu. Ba tambaya nake ba, kin gane. Amma in da abin da kike so in isar musu..."

Ta tsaya riƙe da ƙofar motar. 'Yan kalmomi kawai yake nema, kuma gaskiya ce, su ne na ɗayan. Ta san yadda ake yi, ana faɗa, shugaba ya rubuta a gefen suna, wataƙila sunan ya hau sama kaɗan.

"Dakta Ansley, ƙa'ida ta hana ka tambaya, kai ma ka ce ba tambaya kake ba. To babu abin amsawa. Takarduna na gabanku, aikina kun gani. Ku sa ni inda kuka ga dama."

Ya yi dariya mai laushi, ya ce ai haka ne, haka ne, ya yi mata fatan alheri.

Boyd da ya ji labari sai da ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ke Lee, ai ba ƙarya za ki yi ba. Kin sa su na ɗaya. Mene ne a ciki in kin faɗa?"

"Bara na faɗa. Ya aje ni a aljihu ya tafi nemo wasu."

"In ya ji haushi ya tura ki ƙasan jerinsu fa?"

"Sai ka koyi kitso."

Okonski ta ce taurin kai ne, kuma mai yiwuwa ya ci mata gurbin. Leanne ba ta musa ba. Ta san tana iya wayar gari a Arizona saboda maganar da ba ta kai minti guda ba a wajen ajiye motoci. Abin da ta ce kawai shi ne jerin nata ne, kuma bana babu asibitin da zai san abin da ke ciki kafin kwamfuta.

Sakamako sai nan gaba cikin wata. Jiya Laraba, a hutun rana, ta sake duba jerin daga sama har ƙasa, Calloway, Arizona, Minnesota da sauran, ba ta taɓa komai ba. Ta danna tabbatarwa. Sannan ta ɗauki wayarta ta toshe lambar Dakta Ansley, ta wanke hannu, ta koma ɗakin tiyata.